Wanda ya kulle su, shi zai yi jinyarsu

Raina ya ɓaci ƙwarai da maganganun da ake ta yi kan tiyatar haihuwa da aka yi wa wata goggon biri (gorila) a gidan zu na Fort Worth a Amurka. Wai ɓarnar kuɗi ce, wai don me likitar mata za ta bar mutane ta je ta ciro 'yar goggon biri. Haba jama'a! Uwar nan, Sekani, hawan jinin masu ciki ne ya kama ta, irin wanda ke kai mace ga jijjiga. Da an bar ta a wancan watan Janairun na 2024, da wataƙila an rasa ta, an rasa jaririyar. An ciro jaririyar, Jameela, da rai, uwar ma ta tashi. Ina laifin?

Ku faɗa min, Sekani ce ta kai kanta keji? Mutum ne ya ajiye ta. Shi ya zaɓa mata abin da za ta ci, shi ya zaɓa mata namiji. Wanda ya yi duk wannan ba shi da bakin cewa magani ya yi tsada. Jinyarta bashi ce a wuyansa.

Masu cewa ai mutane ma ba su samu likita ba, gaskiya ne, kuma abin kuka ne. Amma hana biri magani bai taɓa gina asibiti ko ɗaya ba. Ku kai ƙarar inda ta dace.

Abin da da yawa ba su sani ba, ciwon zuciya na cikin manyan abubuwan da ke kashe manyan birrai a gidajen zu, musamman mazan goggon biri. Naman zuciyar ne ke taurara a hankali, dabbar kuma tana ɓoye ciwo, sai a wayi gari ta faɗi. Shi ya sa aka kafa shirin binciken zuciyar manyan birrai mai suna Great Ape Heart Project a gidan zu na Atlanta a 2010, ana tattara hotunan zuciyarsu ana kwatantawa. Allurar barci kuwa hatsari ce ga mai raunin zuciya, don haka masu kula da su kan yi wata da watanni suna koya musu su manna ƙirji a jikin raga, a ɗauki hoto, su miƙa hannu a auna jini, ido biyu. Wannan haƙurin ne wani zai kira wasa?

Tun 1994 aka yi wa Karen, 'yar orangutan (wani jinsin manyan birrai) ta gidan zu na San Diego a Amurka, tiyatar zuciya, ta kuma rayu shekaru masu yawa bayan nan. A 2021 korona ta kama goggon birran San Diego, kuma ana kyautata zaton daga jikin ma'aikaci suka ɗauka. Cutarmu ce muka kai musu. To wa ya kamata ya biya kuɗin maganin? Mu. Dabbar da ke dab da ƙarewa a doron ƙasa, ko ɗaya aka rasa an yi babban rashi.

Ku kuma masu zuwa kallo da mura a hanci, kuna tari, kuna buga gilashi, kuna jefa musu ragowar abin da kuka gutsura, don Allah ku bari. Murar da za ta sake ku cikin 'yan kwanaki, su tana iya sauka musu a huhu. In ba ku da lafiya ku zauna a gida, ku bari sai kun warke.