Ci-ranin da ke cikin littafi da wanda ke kan hanyar Tamanrasat

Tun da Amurka ta rage wa 'yan Najeriya wa'adin biza zuwa wata uku, shiga ɗaya tak, a watan Yulin 2025, masu sharhin adabi a shafukan sada zumunta suka samu abin yi. An kakkaɓe ƙurar ƙagaggun labaran zaman baƙunta a Turai da Amurka, ana jera su ana cewa ga wahalar ɗan Afirka a ƙasar wasu, ga irin sadaukarwar da muke yi. Har da 'yan bokonmu na Arewa a sahun masu tafi. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake cusa mu duka cikin labarin da bai shafi mafi yawan masu barin gida daga ƙasar Hausa ba.

A duba littattafan da aka fi ambata. A cikin Americanah na Chimamanda Adichie, wanda ya fito a 2013, Obinze ɗan malamar jami'a ne. Ya je Landan, bizarsa ta ƙare, ya wanke ban-ɗaki, ya yi aiki da takardun wani, aka kama shi ranar da zai ɗaura auren bogi, aka maido shi gida. Bayan wasu shekaru ya zama attajirin filaye a Legas. A cikin Behold the Dreamers na Imbolo Mbue, 'yar Kamaru, Jende direban wani babban ma'aikacin bankin Lehman Brothers ne a birnin New York, matarsa tana karatu da burin zama masaniyar haɗa magunguna. Bankin ya durƙushe a 2008, aiki ya tafi, takardun zama suka ƙi samuwa, iyalin suka tattara suka koma garinsu Limbe a Kamaru da ɗan abin da suka tara. Littattafai ne masu kyau, ban ce ba. Amma wahalar da ke cikinsu ta mai fasfo ce, wanda ya shiga jirgi da ƙafarsa ya sauka da ƙafarsa. Babban abin da ya rasa shi ne girma, domin mai digiri ne ya koma goge-goge. Ko da an kore shi, akwai gidan da zai koma da kujerar da zai zauna.

A shekarar da Americanah ya fito, cikin watan Oktoba, aka tsinci gawarwaki 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya. Yara 52, mata 33, maza 7. Motocinsu ne suka lalace bayan sun bar Arlit za su Tamanrasat, ƙishirwa ta kashe su. Yawancinsu daga yankin Kance suka fito, a jihar Damagaram, wato Hausawa ne irinmu, masu magana irin tamu. Ba Turai suka nufa ba. Aljeriya za su, mafi yawa don yin bara ko aikatau, su samo abin da za a ci kafin damina. A farkon wannan watan dai jirgin ruwa ya kife kusa da tsibirin Lampedusa na Italiya, mutum sama da 360 suka mutu, duniya ta girgiza, aka yi ta rubuce-rubuce da fina-finai. Matan Kance kuwa labarinsu bai wuce 'yan kwanaki a rediyo ba. Idan ana babbakar giwa, wa ke jin ƙaurin zomo.

Wani zai ce ai akwai marubutan da suka sauka ƙasa. Gaskiya ne, Helon Habila, ɗan Kaltungo, ya kawo waɗanda suka ratsa Libiya da teku a cikin Travellers, Chika Unigwe kuma ta ci kyautar adabin Najeriya ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2012 da labarin matan da aka kai karuwanci birnin Antwerp na ƙasar Beljiyam. To amma duk a Turai labarin ke sauka, kamar wahala ba ta cika wahala sai ta taka ƙasar Bature. Alhali mafi yawan 'yan Afirka masu barin ƙasarsu a cikin nahiyar suke tsayawa, namu kuwa in sun tsallaka teku, Bahar Maliya suka fi tsallakawa.

Namu ci-ranin kowa ya san shi. Matar da ta sayar da gadon ubanta ta biya dillali ya kai ta Jidda, ta shekara goma tana aikatau ba iƙama, tana ɓuya in ta hangi askar, wato jami'an tsaro, ta gina wa ƙaninta gida a Kano, ranar da aka kamo ta aka sauke ta a filin jirgi ba ta da ɗakin kanta a cikin gidan. Saurayin da Aljeriya ta kwaso a mota ta zube a kan iyaka, ya taka kusan kilomita 15 cikin rairayi kafin ya isa Assamaka, garin kan iyaka na Nijar. Mai shayi a Kumasi, mai yankan farce a Legas, mai haƙar zinariya a Jado ta arewacin Nijar. Jikokin waɗanda suka bi hanyar gabas bayan yaƙin Burmi da Turawan mulkin mallaka na 1903, suka kafa Mai Wurno a Sudan, suka yi ƙwadagon auduga a Jazira, ga shi yanzu yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya sake tarwatsa su. Ko korar baƙi da gwamnatin Busia ta yi a Gana a 1969, wadda ta watse zangon Hausawa da dama, ta ishi marubuci abin rubutu na shekaru.

Masu son sauƙi sukan ɗora laifin a kan kamfanonin buga littattafai na Landan da New York, wai su ke zaɓar labarin da zai yi wa mai karatunsu daɗi. To, ɗan kasuwa abin da zai sayar yake saye, wannan ba sabon abu ba ne, kuma babu wanda ya ɗora musu nauyin mutanen Kance. Ni da marubutanmu na Hausa nake. Su ne ke da masu karatu dubbai a WhatsApp da manhajojin littattafai, ba sa jiran izinin kowa kafin su saki labari, kuma kusan kowace a cikinsu tana da gwaggo ko maƙwabciya da ta yi zaman takari. Amma buɗe labaran da ake yayi ka gani. Ƙasar waje a cikinsu wurin hutun amarci ce a Dubai, ko jami'ar Ingila inda ɗan Alhaji zai je ya dawo da sanyin murya da mota. In mai aikatau a Saudiyya ta leƙo, to an kawo ta ne a yi dariyar Larabcinta, ko a nuna ta a matsayin wadda ta lalace. Wannan rashin kunya ne, domin da kuɗin irin waɗannan matan aka sayi kayan ɗakin wasu daga cikin masu karanta labarin.

Akwai kuma wata ƙarya da littattafan waje da na gida suka haɗu a kanta. Duk suna son mai sadaukarwa ya zama waliyyi, mai haƙuri, mai hawaye a ɓoye, ana karantawa ana tausaya masa, a rufe littafi a ji an yi aikin lada. Ba kasafai ake juya fitila kan waɗanda ke gida ba. Wa ya tura matar nan aikatau a Jidda? Mijin da ya sake ta da 'ya'ya biyar bai ba da ko kwanon hatsi ba. 'Yan'uwan da ba sa kiran waya sai za a yi biki ko suna. Uwar da ta san abin da 'yarta ke sha amma ta fi son a ce an turo. Dillalin da ke sahun gaba a masallacin unguwa. Ana yawan alfahari da cewa 'yan Najeriya na waje suna turo kusan dala biliyan 20 a shekara, amma labarin yadda ake tatsar mai turowar a cikin dangi, da yadda ake guje masa in ya dawo hannu rabbana, shi ne marubuci na gaske zai bi. Ba a bi ne saboda zai taɓa mu, ba zai taɓa jami'in shige da fice na wata ƙasa ba.

Kada ma a ce adabin Hausa bai saba da irin wannan ba. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan farko da gasar rubutun 1933 ta haifar, labarin yaro ne da aka raba da gida aka ratsa Sahara da shi, da uwar da ta bi sawunsa har ta faɗa bauta, ta rasu jim kaɗan bayan sun sadu. Hanyar da ta bi tana nan. A 2017 aka nuna wa duniya bidiyon gwanjon mutane a Libiya a kan dala 400, a 2023 kuma gwamnatin sojan Nijar ta soke dokar 2015 da ta haramta safarar baƙin haure, motoci suka koma lodi a fili a Agadas. Malamin makaranta ya iya rubuta wannan hanya shekara casa'in da suka wuce, mu da muke da waya a hannu mun kasa.

Masu shirya gasanni irin Hikayata ta BBC Hausa da ƙungiyoyin marubuta na jihohi za su iya ware shekara guda su ce ci-rani ne jigo. Marubuciyar da ke iya kwana tana ƙirƙiro sunayen turaren ɗan sarki za ta iya ɗaukar yini ɗaya ta zauna da gwaggonta da aka dawo da ita daga Jidda, ta tambaye ta ina kuɗin shekara goma suka tafi, kuma wa ya ci.