Ruwa-ruwa da surukina

Ƙanena da ke tuƙin tasi a Amurka ne ya jawo mini, ko da yake har yau cewa yake babu ruwansa. Ya turo mini saƙon murya a WhatsApp mai tsawon minti tara, ni kuwa minti uku na farko na saurara. A cikin ukun nan ya ce su ma direbobin can gardamar da suke yi ke nan, ko man gidajen mai masu arha yana lalata inji. Ya ce sau da yawa tankar babban kamfani da ta ƙaramin gidan mai layi ɗaya suke bi, bututu ɗaya ke cika su. Ina jin haka na kashe waya, na ce ashe mai dai mai ne, shekara da shekaru ana cin kuɗina a banza.

Wannan kafin 2023 ne, lokacin Najeriya ba ta cire tallafi ba, mai na tsallakowa ta Konni yana kwarara Tawa kamar ruwan Agusta. A famfo lita sefa 540 ce, dala ɗari da takwas ke nan, kuma duk gidan man da ka shiga kuɗin ɗaya ne tunda gwamnati ke yankewa. Man ma na matatar SORAZ ta Damagaram ne, kamfanin gwamnati SONIDEP ke rabawa. 'Yan ruwa-ruwa kuwa, masu jera kwalabe a bakin titi, dala sittin da 'yan kai suke ba ka. Ni malamin makaranta ne, kuma malamin makaranta in ya hango ratar dala arba'in a lita, lissafi ke kama shi kamar zazzaɓi. Na ninka da lita ashirin, na sake ninkawa da wata goma sha biyu. Kafin shayi na biyu ya nuna na riga na sayi ragon layya a zuciyata, har na zaɓi mai ƙaho.

Ana cikin haka surukina ya aiko, wai in kai shi ɗaurin aure Badagishiri ranar Asabar. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Da yake ni mai wayo ne, ba kwalba-kwalba zan saya ba, sari zan yi. Na ce wa uwargida ta ara mini bidonta, wato jarkarta mai ruwan ɗorawa, ta ce in dawo bayan la'asar in ɗauka. Mai ruwa-ruwan ya auna mini lita ashirin a gabana, ya tace da ƙyalle a bakin mazurari. Da dare na haska fitilar waya na juye wa tsohuwar Starlet ɗina, wadda ta girmi ɗiyata ta fari da shekara goma sha biyar.

Da safe Alhaji ya shiga gaba cikin babbar riga ta shadda, fara sol, abokansa biyu a baya. Shekara goma sha ɗaya ina auren ɗiyarsa, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Muna fita gari mota ta fara tari.

"Malam, lahiya motar nan?"

"Lafiya lau, Baba. Gyaran murya take."

Ta yi ta gyaran muryar nan, tana fizga tana saki, kamar jakin da aka yi wa lodi fiye da ƙima. Muna gab da Badagishiri ta yi wani dogon nishi ta mutu. Na fita na buɗe gaba, na tsaya ina kallon inji da fuskar masani. Na taɓa wayar batir, don ita kaɗai na san sunanta. Sai na ji Alhaji ya ce a tura.

"Baba, don Allah ku bari, ku koma inuwa."

"To wa za ya riƙe sitiyari, ni?"

Haka na zauna a kujera kamar hakimi, dattawa uku na turawa, wanda ya fi ƙuruciya cikinsu ya ba sittin baya. Alhaji ya naɗe hannun riga a kafaɗa. Na ɗaga kai in duba madubi, sai ga idonsa cikin nawa. Abin da na kiyaye shekara goma sha ɗaya, madubin dala ɗari biyu ya lalata shi. Motar kuwa ko atishawa ba ta yi ba. Daga ƙarshe amalanken jaki ya kwashe su don kada fatiha ta wuce su, Alhaji na zaune kan buhun gero yana kaɗe ƙura daga shadda.

Makaniken da ɗan kabu-kabu ya ɗauko mini yaro ne, ban ba shi shekara ashirin ba. Ya zare tiyo, ya zuƙa, ya tofar, ya tsiyaya a gorar roba ya ɗaga ta sama. Sai ga abu hawa biyu, mai a sama, ruwa kwance a ƙasa kamar yatsa biyu. Ya ce ruwa ya fi mai nauyi, gindin tanki yake sauka, famfon mota kuma daga gindin yake ja.

"Ina ka sha man ga, Malam?"

"Wurin 'yan ruwa-ruwa."

"To ai sunan bai ɓoye maka komi ba."

Ya girgiza gorar, ya ƙura mata ido. "Amma ruwan ga hwa yana kumfa. Ban taɓa ganin irin shi ba." Ban kula ba, ina can ina tsara zagin da zan yi wa mai ruwa-ruwa, sashe-sashe kamar darasi.

Yana sauke tanki, ni kuma na zauna gindin aduwa na buɗe sauran saƙon ƙanena. Ashe minti na huɗu ya fara da "amma". Ya ce bambancin yana cikin sinadarin wanke inji da kowane kamfani ke zubawa lokacin lodin tanka. A 2004 masu ƙera motoci irin su Toyota da Honda da BMW suka kafa wani ma'auni da ake kira Top Tier, kuma a 2016 ƙungiyar masu motoci ta AAA ta gwada ta ga man da bai kai ma'aunin ba yana tara dauɗa a inji ninki 19. A minti na takwas ya ce: "Amma Yaya, ku can damuwarku ba wannan ba ce. Ku kula da ƙura da ruwa da masu haɗawa da kananzir, kuma kada ka zuba mai a mazubin da ba ka tabbata ya bushe ba."

Jaka takwas na biya, har da sabon abin tace mai. Lita ashirin ta tafi, rago ya tafi da ƙahonsa. Abin da ya fi ci mini rai, babu gidan mai a kusa, dole kwalba biyar na saya wurin wani ɗan ruwa-ruwa. Motar ta tashi bugu ɗaya, ta kawo mu Tawa ko tari babu.

Na shiga gida ina huci, na ce a ba ni ruwa in sha in je in ci mutuncin mutumin nan. Uwargida ta miƙo kofi.

"Baban Nana, yaya bidon? Ka ga yadda ya yi fes? Sau uku na wanke maka shi da sabulu. Na ƙarshen ma ban zubar duka ba, na bar kaɗan ya jiƙa gindin, sai ka zo ka ɗauka ina salla."

Na shanye ruwan, na cire takalmi na zauna. Ta ce ba fita zan yi ba? Na ce rana ta yi zafi. An riga an kira magariba.