Labulen mai hoto ba ƙarya ba ne

A ɗakin kakata, a wani ƙauye kusa da Birnin Kudu, akwai hoton kawuna da aka ɗauka da wata Sallah. Yana tsaye ya riƙe ƙugu, bayansa bene mai hawa uku, ga jirgin sama yana giftawa. A lokacin ko keke bai mallaka ba. Benen da jirgin duk fenti ne a jikin labulen da mai hoto ke ratayawa a bangon ƙasa.

Yaran yanzu dariya suke yi, wai ƙarya ce. To wa aka yi wa ƙaryar? Kaf garin an san Kawu a soro yake kwana. Mai zanen ya san abin da samari ke kwana da shi a zuci, shi ya zuba musu.

Toyin Ojih Odutola, mai zane haifaffiyar Ile-Ife da ta tashi a Amurka, ta yi suna ne da zana mutanen da ba a taɓa haifa ba. A 2020 ta baje zane 40 a Barbican, wata cibiyar fasaha da ke Landan, kan wata daular da ta ƙaga a duwatsun Filato, inda mata ke mulki. Kehinde Wiley kuwa, wani mai zane Ba'amurke, a zanen da aka buɗe a 2018, cikin ganye da furanni ya zaunar da Obama. Hannunsu ya fi gogewa, na yarda, kuɗin kuwa ba a magana. Amma dabarar ita ce ta mai labule: a ɗauki mutum a ajiye shi inda bai taɓa takawa ba.

Za a ce malamai sun yi magana kan zana mai rai. Fatawa ta fi ƙarfina. Sai dai labulen da na sani gini ne da mota da fure. Mutumin da ƙafarsa yake shigowa.

Yau waya na kai yaro Dubai a minti ɗaya, injin buga allon talla kuma ya ƙwace wa masu fenti abinci. Labulen ƙauyenmu, ganina da shi na ƙarshe, barkono aka shanya a kai. Shanun da mutanen dā suka zana a Dutsen Habude da ke Birnin Kudu an sa su cikin kayan tarihin ƙasa. Me zai hana Gidan Makama, gidan tarihin nan na Kano, ya tura mutum ya bi tsofaffin masu hoto, kasuwa-kasuwa, ya sayi abin da gara ta rage?