Shugaban da mummunan labari ba ya isa kunnensa, me yake shugabanta?

Na taɓa aiki a wani wuri da ake yin mitin duk Litinin da safe, kuma har yau ina tuna yadda ɗakin yake yin tsit da zarar oga ya turo ƙofa. Kafin ya shigo za ka ji manajoji suna ta ƙorafi a tsakaninsu, wannan ya ce kayan da aka yi oda ba su iso ba, wancan ya ce kwastomomi sun fara guduwa, akanta yana gefe ya dafe kai yana kallon takardunsa. Amma da ya zauna ya ce to yaya aiki, sai ka ji amsa ɗaya kamar an haɗa baki, lafiya lau ranka ya daɗe, komai na tafiya daidai. Mutumin nan fa ba mugu ba ne, yana da ƙwazo, shi ne farkon zuwa shi ne ƙarshen tashi. Matsalarsa ɗaya, duk wanda ya kawo masa labarin da bai yi masa daɗi ba sai ya haɗe rai ya fara tambayar laifin waye, to a hankali kowa ya gane karatun, aka daina kawowa.

Tun daga lokacin, in ana gardama kan mene ne ainihin aikin shugaban zartarwa, ko na ƙasa ne ko na jiha ko na kamfani, ni amsata ba ta canzawa. A takarda aikin a bayyane yake, shi ke naɗa manyan ma'aikata, shi ke gabatar da kasafi, shi ke sa hannu, shi ke aiwatar da abin da majalisa ko hukumar daraktoci ta amince da shi. Amma duk waɗannan sun dogara ne kan abu ɗaya, wato labarin da ke isowa teburinsa. Shugaba ba ya ƙera mota da hannunsa, ba ya karɓar haraji, ba ya tsayawa a kanta. Abin da aka gaya masa da shi yake yanke hukunci, kuma in abin da aka gaya masa ƙarya ce ko rabin gaskiya, to komai basirarsa hukuncin zai fito a karkace. Don haka aikinsa na farko shi ne ya buɗe hanyar da gaskiya za ta riƙa iso masa tun tana da amfani, ya kuma kare masu kawo ta.

Misalin da ya fi burge ni a nan shi ne na kamfanin motoci na Ford a Amurka. A 2006 suka ɗauko Alan Mulally daga kamfanin jiragen sama na Boeing suka ba shi shugabanci, a shekarar da kamfanin ya tafka asarar sama da dala biliyan 12. Ya kafa mitin na duk ranar Alhamis, ya ce kowane shugaban sashe ya riƙa sa wa ayyukansa launi, kore in lafiya, rawaya in akwai damuwa, ja in abu ya lalace. Sati bayan sati ana zuwa, allo duk kore, a kamfanin da kuɗi ke zurarewa kamar ruwa a kwando. Sai wata rana Mark Fields, mai kula da ɓangaren nahiyar Amurka, ya sa ja a kan wata sabuwar mota da ake shirin fitarwa saboda an gano mata matsala. Ɗaki ya yi tsit, don a al'adar wurin wannan kamar mutum ya rubuta wa kansa takardar sallama ne. Mulally ya tafa masa, sannan ya juya ya tambayi sauran wa zai iya taimaka masa. Bayan nan allo ya fara cika da ja da rawaya, ba don abubuwa sun ƙara lalacewa ba, a'a, dama can a lalace suke, yanzu ne dai aka samu ƙarfin halin faɗi. A 2009 takwarorinsa kamfanonin motoci General Motors da Chrysler suka shiga kotu neman kariya saboda karayar arziki, Ford bai shiga ba. Ba na cewa tafin nan kaɗai ne ya cece su, akwai maganar babban bashin da suka ciwo tun kafin kasuwa ta rikice, amma ka dubi abin da mutumin ya yi da ikonsa a wannan minti ɗayan. Da ya daka tsawa, da shi ke nan, allo zai koma kore har ranar da za a rufe masana'anta.

Ka ɗora wannan kusa da abin da ya faru a bankin Wells Fargo. An yanka wa ƙananan ma'aikata adadin asusun da dole su buɗe, adadin da ba zai yiwu ba, aka matsa musu lamba, sai suka koma buɗe wa mutane asusu ba da saninsu ba. Da abin ya fito fili a 2016 aka ci bankin tarar dala miliyan 185, aka kuma ji cewa an kori ma'aikata wajen 5,300 a 'yan shekarun da suka gabata kan wannan laifi, daga baya bincike ya kai adadin asusun da ake tuhuma zuwa miliyan 3.5. Abin da ke ci mini rai a labarin nan, mutum dubu biyar ba sa aikata laifi iri ɗaya a rassa daban-daban haka kawai, ruwa ba ya tsami banza. Korar ita kanta saƙo ce da ke cewa tsarin ne ya ruɓe, amma shekaru ana kora ana ɗaukar wasu ana ɗora musu kaya iri ɗaya. Shugaban bankin John Stumpf ya sauka a watan Oktoba na 2016. Haka Volkswagen na Jamus a 2015, motoci kusan miliyan 11 ɗauke da manhajar da ke yaudarar masu gwajin hayaƙi, shugaban kamfanin Martin Winterkorn ya yi murabus yana cewa shi bai san ya aikata wani laifi ba.

To wannan kalma ta ban sani ba ita ce ba na karɓa daga bakin mai kujerar farko. Ma'aikacin ƙasa yana iya cewa bai sani ba a yi masa uzuri. Amma wanda aka ba ofis mafi girma da albashi mafi tsoka, sanin ai shi ne aikin, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In ya sani ya yi shiru ya ci amana, in kuma da gaske bai sani ba to ya gina gidan da ake tsoron gaya masa, wannan ma nasa ne. Amurkawa sun gane haka bayan rugujewar kamfanin Enron a 2001, shi ya sa dokar Sarbanes-Oxley ta 2002 ta tilasta wa shugaban kamfani da babban jami'in kuɗi su sa hannu da kansu cewa lissafin da aka fitar gaskiya ne, don kar gobe wani ya ce aikin akantoci ne.

A gwamnati abin ya fi muni nesa ba kusa ba, domin a can ba hannun jari ake asara ba, rayuka ne. A ƙasar Sin daga 1958 gwamnatin Mao Zedong ta ƙaddamar da shirin haɓaka noma da masana'antu cikin gaggawa, jami'an larduna suka shiga gasar ƙara gishiri a alƙaluman amfanin gona don kar a ce musu masu ja da baya, gwamnati kuma ta riƙa karɓar kasonta bisa waɗannan alƙaluma na ƙarya, manoma suka rasa abin da za su rayu da shi. A 1959 a taron jam'iyya mai mulki da aka yi a Lushan, ministan tsaro Peng Dehuai ya rubuta wa Mao wasiƙa yana nuna kurakuran shirin, sakamakonsa aka tuɓe shi. Bayan wannan wa kuma zai buɗe baki? Yunwar da ta biyo baya ta kashe mutane miliyoyi masu yawa, har ana lissafin gomman miliyoyi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma an riga an nuna wa masu ɗaki abin da ke samun wanda ya ce akwai yoyo.

Kuma kar a ce wannan matsalar mulkin kama-karya ce kawai. A Birtaniya a watan Satumba na 2022, gwamnatin Liz Truss tana hawa ta sallami babban sakataren ma'aikatar kuɗi, sannan ta fitar da shirin rage haraji mai yawa ba tare da an buga hasashen hukumar da ke tantance kasafi ba. Kasuwa ta birkice, darajar fam ta faɗi, kwana 49 kacal ta yi a kujerar. An kawar da waɗanda aikinsu shi ne su ce a dakata, sai kasuwa ta faɗa da ƙarfi abin da su za su faɗa a cikin ɗaki.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da hujja. Za su ce shugaba ba ɗan sauraro ba ne kawai, an ɗora shi ne ya yanke, in ya tsaya jin ta bakin kowa sai a kwana a tashi ba a yi komai ba, kuma akwai lokutan da jama'a duk suka ce a'a shugaba ya ce e kuma shi ne ya yi daidai. Na yarda. Steve Jobs da ya koma Apple a 1997 ya datse yawancin kayan da kamfanin ke yi ya bar kaɗan, ba kowa ne ya ji daɗi ba. Amma jin gaskiya daban, bin ra'ayin kowa daban. Ba cewa nake shugaba ya yi abin da aka ce masa ba, cewa nake ya san abin da ke akwai kafin ya yi abin da ya ga dama. Shugaban Amurka John Kennedy ya koyi wannan da tsada. A watan Afrilun 1961 ya amince da harin da aka kai Kyuba wanda ya watse cikin 'yan kwanaki, kuma a cikin mashawartansa akwai masu shakka da ba su ɗaga murya yadda ya kamata ba. Da rikicin makamai masu linzami da Tarayyar Sobiyet ta girke a Kyuba ya taso a Oktoban 1962, sai ya canza salo, har yakan bar ɗakin taro wasu lokuta don mutane su yi gardama ba tare da suna kallon fuskarsa ba. A ƙarshe dai shi ya yanke, cikin kwana 13, amma ya yanke ne bayan ya ji abin da ba a iya faɗa a gabansa.

Akwai kuma masu cewa a kawo ɗan kasuwa ya tafiyar da ƙasa kamar kamfani. Ina fahimtar gajiyar da ke sa a faɗi haka, amma kujerun biyu ba ɗaya ba ne. Kamfani yana iya rufe reshen da ba ya kawo riba, gwamnati ba ta iya rufe yankin da ba ya biyan haraji sosai, kuma ba a sallamar ɗan ƙasa. Shugaban kamfani yana da ma'auni mai sauƙin gani, riba ko faɗuwa, shi kuwa shugaban gwamnati sai ya haɗa tsaro da lafiya da ilimi da adalci, abubuwan da wani lokaci suke cin karo da juna. Sannan majalisa da kotu da 'yan jarida ba ma'aikatansa ba ne, an kafa su ne musamman don su iya ce masa a'a. A 1952 shugaban Amurka Harry Truman ya karɓe masana'antun ƙarfe na ƙasar ana tsakiyar yaƙin Koriya don hana yajin aiki, kotun ƙoli ta ce ba shi da wannan iko, alƙalai 6 cikin 9, ya kuma mayar da su. Wanda ya saba in ya yi magana ta zauna, dole ya koyi zama da irin wannan, in ba haka ba zai ɗauki duk mai ja da shi a matsayin maƙiyi.

Abin lura ma, su kansu kamfanonin da suka sha wuya hanyar gwamnati suke kwaikwayo a wannan fanni. Rahoton kwamitin Cadbury na 1992 a Birtaniya ya ba da shawarar a raba kujerar shugaban hukumar daraktoci da ta shugaban gudanarwa, don kar mutum ya zama shi ne mai aiki shi ne mai duba aikin. A Jamus dokar 1976 ta ba wakilan ma'aikata rabin kujerun hukumar sa ido a kamfanonin da ke da ma'aikata sama da 2,000. Ba wai waɗannan sun hana ɓarna ba, ai Volkswagen a ƙarƙashin irin wannan tsarin yake, shi ya sa nake cewa doka tana buɗe ƙofa ne kawai, halin mai kujera ne ke sa a shigo ko a tsaya a waje. Sayyidina Abubakar da aka yi masa mubaya'a, a jawabinsa na farko ya ce wa mutane in ya yi daidai su taimake shi, in ya karkace su miƙar da shi. Tun ranar farko ya ba da izinin a gyara masa, bai jira sai abu ya ɓaci ba.

An ce babba juji ne, kuma ni na ɗauki maganar nan a matsayin bayanin aiki, ba lallashi ba. Duk abin da ba shi da daɗi a ma'aikata ko a ƙasa, wajensa ya kamata ya tare, ya shanye, ya nemi mafita. Shi ya sa in zan auna shugaba ba na fara duba jawabinsa ko yawan ayyukan da ya ƙaddamar, ina duba mutanen da ke kewaye da shi ne, a cikinsu wa ya taɓa ce masa ranka ya daɗe wannan ba daidai ba ne, kuma ina mutumin yake yau. A Ford, Mark Fields da ya sa jan nan shi ya gaji Mulally a 2014. A wurin da na yi aiki kuwa akantan nan ne ya gaji da shiru, wata Litinin ya miƙe da takardunsa a hannu muryarsa na rawa ya ce kuɗin da ya rage ba zai biya albashin wata uku ba. Kafin sati ya zagayo aka mayar da shi wani sashe da ba ya ganin lissafi, mu kuma da muke zaune a ɗakin ba wanda ya ce uffan, har da ni, kuma wannan shirun yana damuna har yanzu. Ba a yi shekara ba aka fara sallamar ma'aikata, oga ya tara mu idonsa jajur yana tambaya me ya sa ba wanda ya gaya masa tun da wuri.