Wai wayar nan tamu ce ko haya aka ba mu?

Daren Lahadin da ta wuce na yi kusan minti arba'in a bidiyo kol da ƙanwata, ba hira muke ba, wayar Hajiyarmu muke gyarawa daga nesa. Ita ta riƙe tata wayar tana haska min sikirin ɗin ta Hajiya, ni kuma daga nan Jamus ina ta faman "shiga nan, a'a koma baya, wancan na ƙasa nake nufi", hoto yana yankewa yana dawowa. Abin da ya faru shi ne wani jan rubutu ya fito wa Hajiya wai wayarta ta cika da datti, ga maɓalli ƙato yana ta ƙyalƙyali, ta danna, kafin ta ankara wasanni biyu da wata manhajar ba da bashi sun sauka sun zauna. Ta ce min "ni fa ban taɓa komai ba, wayar ce ta ce in danna." Na ce Hajiya ai talla ne, ba wayar ba ce ke magana. Ta ce "to wa ya sa shi a ciki, ba masu wayar ba ne?" Na yi tsit, don wallahi gaskiyarta ne.

Kar a ɗauka tallan YouTube ko na Facebook nake nufi, waɗancan kai ka kai kanka, ka san kyauta kake kallo kuma wani abu zai biyo baya. Ina maganar tallan da aka gina a jikin wayar tun daga kamfani, wanda za ka gani a sikirin tun ba ka cire makulli ba, ko ka shiga inda fayilolinka suke don neman hoton katin shaida sai ga bidiyon caca a ƙasa, ko ka buɗe manhajar yanayi ka ga ko za a yi ruwa sai a nuna maka takalmi, ko ka sauke wata manhaja wayar ta ce bari ta duba maka ko tana da cuta, tana cikin dubawar ta manna maka wasu guda huɗu wai "an zaɓo maka". Wa ya aike ki?

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A 2018 Lei Jun, mai kamfanin Xiaomi, ya fito ya yi alkawarin cewa ribar da za su riƙa ci a kan na'urorin da suke ƙerawa ba za ta wuce kashi 5 cikin 100 ba. Mutane suka yi ta tafi, amma ai kamfani ba gidan marayu ba ne, in bai ci a bakin ƙofa ba zai ci a cikin ɗaki, kuɗin yana zuwa ne bayan ka saya, ta talla da manhajojin da ake biyansu su dasa maka. A Indiya ma akwai kamfani sukutum mai suna Glance, mallakar kamfanin talla na InMobi, wanda sana'arsa kenan, sikirin ɗin da kake gani kafin ka buɗe waya, kuma Google da kamfanin sadarwa na Jio duk sun zuba kuɗi a cikinsa. Ka lissafa sau nawa kake ɗaga waya a rana ka duba lokaci kawai, kowace ɗagawa allon talla ce a wurinsu.

To abin da ya sa na zauna rubutun nan shi ne bambancin yadda ake karɓar abin a nan da yadda muke karɓarsa a gida. Tallan yana nan a Turai ma, kar wani ya ce maka babu, ni kaina wayar da na fara saya da na zo tana da shi. Amma akwai wani abokin aikina Bajamushe da ya sayi waya mai araha wa ɗansa, kwana biyu talla ya fito a cikin saitin wayar, mutumin nan ya zo aiki ransa a ɓace kamar an shiga gidansa da takalmi, ya ɗauki hoton sikirin, ya rubuta wa kamfanin, ya rubuta ƙorafi a shafin da ya saya, ƙarshe ya mayar da ita tunda a intanet ya saya kuma dokar Tarayyar Turai ta ba shi kwana 14 ya mayar ba sai ya faɗi dalili ba. Ni a raina na ce kai wannan ko rigima, a kan ɗan hoton nan? Daga baya na gane rigimar irin tasa ce take sa kamfanonin ja da baya.

A watan Yunin 2019 masu wayoyin Huawei a ƙasashe da dama, har da nan Jamus da Ingila, suka wayi gari suka ga sunan Booking.com, shafin kama ɗakin otal, a kan hotunan da ke sikirin ɗinsu na kulle, aka yi ca a kansu a intanet, ba a jima ba aka cire. Samsung ma ya daɗe yana saka talla a manhajojinsa na yanayi da na lafiya da na biyan kuɗi, har a wayoyi masu tsadar gaske, mutane suka yi ta surutu suna cewa mun biya wannan uban kuɗi kuma a tallata mana kaya, sai a 2021 shugaban sashen wayoyinsu TM Roh ya ce za su cire, kuma suka cire a waɗannan manhajojin kafin shekarar ta ƙare. Ba tausayi ba ne ya kama su, tsoron a koma wa wani ne.

Mu kuwa fa? "Haka waya take." Shikenan an rufe magana. Wani ya ce bairos ne ya shiga, a kai wa mai gyara ya yi filashin, a goge komai har da hotunan da ba za a sake samu ba, a kunna, tallan ya dawo daram tunda da shi aka haife ta. Wani kuma ya ɗora wa yara laifi wai su suka danne-danne. Ban taɓa jin wani a cikin 'yan uwana ya ce kamfanin ne ya yi min ba daidai ba, kullum mai wayar ne yake ganin shi ne bai iya ba. Kuma ba wai doka ce babu ba, Najeriya ta samu dokar kare bayanan jama'a a 2023, a 2024 ma hukumar kare masu sayayya ta FCCPC ta ci tarar Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, dala miliyan 220, kenan in an so ana iyawa. Turai ta riga mu da tata dokar kare bayanan, GDPR, tun Mayun 2018, amma abin da na lura shi ne dokar tana aiki ne saboda akwai irin abokin aikin nan nawa da ba sa gajiya da rubuta takarda.

Abin haushin shi ne mu da muka fi yin shiru mu abin ya fi ci. Ni a nan wayfai ne a gida, wayfai a wurin aiki, in talla ya sauke bidiyo a ɓoye ban ma san an yi ba. Wanda yake sayen data a ƙididdige, yana kashe ta yana kunnawa don ta kai shi ƙarshen sati, shi ne yake biyan kuɗin dakon tallan da bai nema ba, wato an tallata maka kaya kuma kai ka biya kuɗin motar mai tallan. Ga batir, ga wuri da yake cikewa a waya mai ƙaramin ciki har ta fara nauyi, sannan a fito maka da wani tallan na manhajar da za ta "ƙara mata gudu". Ga kuma irin su Hajiya da ba Turanci suke karantawa ba, duk abin da ya fito da launi da siffar saƙon waya a wurinsu umarni ne. Wannan ne ya fi ƙona min rai a duka lamarin, da gangan ake yi wa tallan shigar sanarwar waya don kar a bambance.

Kar kuma in sa ku ɗauka mutanen nan waliyyai ne. Mutumin da ya mayar da waya saboda talla ɗaya, shi ne dai na ga yana danna "na yarda da duka" a kowane shafi ba tare da ya karanta ko layi ɗaya ba. Su kuma 'yan iPhone masu yi mana kallon tausayi, ku zauna. Apple yana sayar da talla a cikin App Store tun 2016. A Afrilun 2021 ya fito da tsarin nan da manhaja sai ta nemi izini kafin ta bi diddiginka, abu mai kyau, har Meta ya ce zai jawo masa asarar kusan dala biliyan 10 a 2022, amma a Oktoban 2022 ɗin sai ga Apple ya ƙara wuraren tallansa a App Store, tallan caca ya riƙa fitowa a ƙarƙashin manhajojin mutane har sai da masu manhajojin suka yi kuka aka dakatar. A farkon 2023 hukumar kare bayanai ta Faransa ta ci shi tarar yuro miliyan 8 a kan talla ba da izini ba. A Yunin 2025 kuma ta cikin Wallet, inda mutane ke ajiye katunan bankinsu, aka turo wa masu iPhone a Amurka sanarwar rangwamen tikitin fim ɗin tseren motoci da kamfanin ya shirya. Sun fi iya sa wa abin riga mai guga ne kawai.

Wani abokina da muka yi gardamar nan ya ce min ina magana ne irin ta wanda ya ƙoshi, in ba don tallan ba talaka ba zai riƙe waya mai kyamara uku ba. Ban musa masa ba, akwai gaskiya a ciki, kuma ni ban ce a haramta ba. Amma a 2016 Amazon ya yi wani ciniki a Amurka da har yau nake ganin shi ne na mutunci, ya ce ga waya irin su Moto G4, in ka yarda talla ya riƙa fitowa a sikirin ɗin kulle an rage maka dala 50, in ba ka so ka biya cikakke. A fili, a rubuce, kafin ka zaro kuɗi. Sun daina tsarin a 2018, amma a Kindle, na'urarsu ta karanta littattafai, har yanzu haka ake, akwai mai talla akwai marar talla, kowanne da kuɗinsa. To a yi mana haka mana. A rubuta a jikin kwali da manyan baƙaƙe, wannan tana da talla shi ya sa ta yi sauƙi. Na san da yawanmu mai tallan za mu ɗauka, ni ma da ina ɗalibi ita zan ɗauka, amma ka ɗauka da saninka daban ne da a sayar maka da gida sannan ka tarar mai gidan ya riƙe makullin ɗaki ɗaya yana saukar da baƙinsa.

Kashe shi ma wani aiki ne. Ba maɓalli ɗaya ba ne, sai ka bi manhaja manhaja kana neman inda aka rubuta shawarwari ko abubuwan da aka zaɓo maka, ba sa taɓa kiransa talla da sunansa. A wayoyin Xiaomi akwai wani abu mai suna msa da sai ka janye masa izini, kuma in ka je janyewa sai an sa ka jira ana ƙirga daƙiƙoƙi kafin maɓallin ya dannu, ko za ka sake tunani. A Android na yanzu kana iya goge lambar tallanka, wato lambar da masu talla ke gane wayarka da ita, a saitin Google, wannan ba ya hana tallan zuwa, yana rage bin diddigi ne kawai. Masu ɗan sani kuma suna sa adireshin masu tace talla a wurin da aka rubuta Private DNS, wanda ke cikin saitin tun Android 9, shi ne na ga ya fi aiki.

Duk mun yi wa wayar Hajiya waɗanda suka shafi irin tata a daren, muka goge wasannin da manhajar bashin, ta yi ta sa mana albarka. Shekaranjiya da safe ina cikin jirgin ƙasa sai ga saƙon ƙanwata, hoton sikirin ne, wayar ta yi ofdet cikin dare kuma biyu daga cikin abubuwan da muka kashe sun kunna kansu. A ƙasa ta rubuta "Yaya yaushe za ka samu lokaci, Hajiya ta ce wayar ta sake cewa ta danna."