Dankali sha kushe, a Alƙahira na ga ana girmama shi

Duk wanda ya yi lokacin sanyi a Alƙahira ya san kurar mai baɗaɗa. Kura ce ta katako da ɗan tanderun ƙarfe a kanta, hayaƙi na fita ta bututu. Mai sayarwa zai zaro ɗaya da zafinsa, ɓawon ya yi baƙi, ya tsaga shi biyu a kan takarda. Cikin kamar nunanniyar gwanda, wani ruwa mai danƙo na tsatsowa ta gefe. Dankalinmu ne fa, wanda Sakkwatawa ke kira kudaku. A bakin Nilu na ga mai babbar mota ya tsaya ya saya, yana ci yana hura yatsu.

Mu kuwa mun yi masa kirari da sha kushe. Ana ci ana raina shi. Baƙo ya zo, doya ake nema ko dankalin turawa. Abin yana yi mini ciwo, domin Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi noma shi a Afirka.

Gaskiya akwai inda suka fi mu, wato iri. Namu yawanci fari ne. Yana ƙosarwa, yana sauƙaƙa bayan gida, yana da bitamin C. Amma mai jan ciki shi ke ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Rashin wannan bitamin ne ke jawo dundumi, yaro ya riƙa lalube da zarar magariba ta yi, shi ne kuma ke sa ƙyanda da gudawa su fi yi wa yara illa. Saboda yaɗa irin wannan dankalin a Afirka ne masana uku suka shiga cikin waɗanda aka ba Kyautar Abinci ta Duniya a 2016.

Wajen ci kam, ban yarda sun fi mu ba. Dafaffen dankali da man gyaɗa da garin ƙuli, kamar yadda Inna ke yi mana da safe, ya fi gasasshen nan nasu amfani. In mai jan ciki ne, ɗan man shi ke taimaka wa jiki ya tsotsi bitamin A, sannan dafaffe ba ya tayar da sukari da sauri kamar gasasshe. Masu ciwon sukari dai su ci da lissafi.

Makon jiya na kira Yaya, na roƙe shi ya nemo irin mai jan ciki kafin damina, ya dasa ko kunya biyu ce a bayan gida saboda yaran.