Me ya sa mawaƙa ke ta juya sunaye iri ɗaya?

Duk mai sauraron waƙoƙin soyayya, a kowane harshe, zai lura cewa sunayen da ake kira a cikinsu ba su da yawa. Laila, Mariya, Salma, Sara, su ɗin dai ake ta juyawa, alhali ga dubban sunaye da iyaye ke raɗa wa 'ya'yansu waɗanda ba a taɓa jinsu a bakin mawaƙi ba. Wasu na cewa lalaci ne da ƙarancin basira. Ni ban yarda ba.

Mawaƙi da kunnensa yake zaɓen suna. Yana neman inda zai ja murya, kuma a kan wasali ake jan murya. Rera "Laila" ka ji: harshe ya taɓa ganɗa ya saki, baki ya tsaya a buɗe, kana iya jan ƙarshen har numfashi ya ƙare. Haruffa irin su l, m da n ba sa datse sauti, tare da shi suke tafiya. Ga kuma kari, wato ma'aunin waƙa, wanda ya fi karɓar suna mai gaɓa biyu ko uku, ga amsa-amo da ke son sunan da zai sami 'yan'uwa a ƙarshen layi. Kafin suna ya tsallake waɗannan matakai, yawancin sunaye sun zube.

Ko mawaƙin da ke da takamaiman mutum a ransa yakan bi umarnin kunne. A 1968 Paul McCartney, mawaƙin Birtaniya na ƙungiyar Beatles, ya fara tsara wata waƙa don lallashin Julian, ɗan abokin waƙarsa John Lennon, lokacin da iyayensa ke rabuwa. Da "Jules" ya soma, daga baya ya mayar da shi "Jude" saboda ya fi daɗin rerawa.

Akwai kuma lissafin kasuwa: sunan da mutane da yawa ke amsawa yana jawo masu sauraro da yawa.

Amma dalilin da ya fi shiga raina shi ne sutura. Mawaƙan Larabawa na dauri sun saba buɗe ƙasida da ambaton Su'ad, Hindu ko Salma, kuma ba lallai ba ne akwai wata mai wannan suna. Da Su'ad Ka'ab bin Zuhair ya buɗe ƙasidar da ya rera a gaban Annabi (SAW). Sunan Laila kuwa ya samo nauyinsa daga labarin soyayyar Laila da Ƙais da aka yi wa laƙabi da Majnun, labarin da mawaƙi Nizami ya rubuta da Farisanci a ƙarni na 12. A 1970 mawaƙin Birtaniya Eric Clapton ya aro wannan suna ya ɓoye a bayansa, domin wadda yake so matar abokinsa ce a lokacin.

Shi ya sa nake ganin masu matsa wa mawaƙa su riƙa kiran sunayen gaskiya ba su hango abin da zai biyo baya ba. Mawaƙi ya rera ya wuce, ita kuwa mai sunan ita za ta zauna da shi, a makaranta, a wurin aiki, har a gidan aurenta. A zamanin da waƙa ke zaga intanet cikin dare ɗaya, kuma kowa ke iya lalubo mutum da suna kawai, yarinyar da aka kira da sunanta na yanka, musamman idan ba kowa ke da irinsa ba, an jefa ta bakin duniya ba tare da an nemi yardarta ba.